Ƙanin matata yana aiki a gundumar makarantu a Teksas, in rubuta sunansa a fom ɗin neman kwangila?

Tambaya: Ina zaune a gefen Houston, ina da ɗan ƙaramin kamfani na sayar da kayan kwamfuta da jan wayar intanet a ofisoshi. Wata gundumar makarantu ta fitar da tallar kwangilar jan waya a makarantunta, kuma cikin takardun da aka ce a cike akwai wani fom mai suna CIQ. Ƙanin matata yana aiki a sashen kwamfuta na gundumar. Bara ya taya ni aiki a ranakun hutu na biya shi dala 1,800, da aka yi masa haihuwa kuma ni na saya masa ragon suna. Abokai sun ce in rubuta "babu" in wuce, wai da zarar na ambace shi za a cire ni daga takara. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Alhaji, ka rubuta shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan fom ranar wanka ce. Abokanka sun haɗa abu biyu da doka ta raba: bayyana dangantaka daban, hana mutum kwangila daban. Fom ɗin da ke hannunka na bayyanawa ne kawai. Abin da zai iya hana ka kwangilar yana wani wuri, zan zo kansa, kuma maganinsa yana hannun ƙanin matarka fiye da naka.

Teksas tana da gundumomin makarantu sama da dubu ɗaya, kowace da kwamitin amintattu da jama'ar yankin ke zaɓa, galibi mutum bakwai, ba a biyansu albashi. Su ke ɗaukar sufuritanda, wato babban jami'in da ke tafiyar da gundumar yau da kullum, su ke amincewa da kasafin kuɗi da manyan kwangiloli. Kuɗin kuwa mafi yawansa harajin gidajen mutanen unguwa ne da kason da jiha ke bayarwa. Amintaccen da ba ya karɓar albashi dole yana da sana'arsa, wani dillalin gidaje ne, wani mai kamfanin gini, wani ma'aikacin inshora. A ƙaramin gari kusan kowa surukin kowa ne. Majalisar jihar ta san ba za ta iya hana mutane zama dangi ba, sai ta ce to a rubuta a takarda kowa ya gani. Wannan ita ce dokar da ake kira Babi na 176 na kundin dokokin ƙananan hukumomin Teksas. An kafa ta a 2005, ta fara aiki a Janairun 2006, aka yi mata gyara a 2007, sannan aka yi babban gyara a 2015. Fom biyu ta haifar: CIQ na ɗan kwangila, CIS na jami'i.

Tambayar farko da za ka warware ita ce ko ƙanin matarka yana cikin waɗanda dokar ke kira jami'ai. Kafin 2015 maganar ta fi tsayawa kan amintattu da sufuritanda. Gyaran 2015 ya shigo da duk wani ma'aikaci ko wakilin gunduma da ke da ta cewa wajen tsara kwangila, ko ba da shawarar wanda za a ba, ko zaɓen ɗan kwangila, ko ƙulla yarjejeniyar. Saboda haka muƙaminsa ba shi ne abin dubawa ba, hannunsa a cikin wannan aikin shi ne. Idan aikinsa gyaran kwamfutocin malamai ne kawai, ba ya shiga zancen saye da sayarwa, to a harafin doka bai zama jami'i ba. Amma ka ce sashen kwamfuta yake, kwangilar kuma ta jan wayar intanet ce. A irin wannan aiki ma'aikatan sashen ne ke zagaya gine-gine suna ƙirga inda za a sa waya, su ke rubuta irin kayan da ake so, kuma daga cikinsu ake ɗebo waɗanda za su zauna su ba wa takardun masu nema maki. Ko sau ɗaya aka tambaye shi wace irin waya ta fi, ya ba da amsa aka sa a takardar talla, ya riga ya taɓa tsarin. Doka ta wajabta wa gunduma ta ajiye jerin sunayen jami'anta ta nuna wa duk ɗan kwangilar da ya nema, don haka ka nema. Sai dai jerin yakan ƙunshi manya ne, masu ba da maki kuma sau da yawa ba a naɗa su sai bayan an rufe karɓar takardu. Rashin ganin sunansa a jerin bai isa ya kwantar maka da hankali ba.

Abu uku ne ke sa a cike fom ɗin da suna. Na farko kuɗi: idan jami'in, ko wani na kusa da shi sosai, yana aiki da kai ko yana hulɗar kasuwanci da kai har ya samu kuɗin da ake biya wa haraji fiye da dala 2,500 a cikin watanni 12 da suka wuce. Ribar hannun jari da kuɗin ruwa na ajiya ko bashi ba sa cikin lissafin, haka kuma cinikin da aka yi a kan farashin da kowa ke saye, kamar ya shigo shagonka ya sayi waya yadda kowa ke saya. Dala 1,800 da ka biya shi ba ta kai ba. In da wannan ce kaɗai dangantakarku, da ba dole. Na biyu kyauta, wadda jimillarta ta haura dala 100 a watanni 12. Na uku dangantaka ta jini ko ta aure, kuma nan ne maganarka ta tsaya, domin wannan ba ruwansa da ko sisi ya taɓa shiga tsakaninku.

Yadda Teksas ke ƙirga dangi ya bambanta da yadda muke yi a gida, kuma nan mutanenmu ke yawan kuskure ta ɓangare biyu: wani ya ɓoye wanda ya kamata ya rubuta, wani ya tayar da hankalinsa kan wanda doka ba ta ma san da shi ba. Ana ƙirga jini hawa-hawa. Hawa na ɗaya uwa, uba, ɗa, 'ya. Na biyu wa, ƙane, ya, ƙanwa, kaka, jika, kuma 'yan uba da 'yan uwa ɗaya duk suna nan. Na uku baffa da gwaggo da kawu da inna, matuƙar sun fito ciki ɗaya ko uba ɗaya da mahaifinka ko mahaifiyarka, sai 'ya'yan wanka da na ƙanwarka, sai tattaɓa-kunne da iyayen kakanni. A nan jini ya tsaya. Ɗan baffanka, wanda kuka tashi ɗaki ɗaya kuna cin tuwo a kwano ɗaya, hawa na huɗu ne, dokar ba ta kai gare shi ba. Ta fannin aure kuwa hawa biyu ake ɗauka. Na ɗaya matarka, iyayenta, agolanka, matar ɗanka, mijin 'yarka. Na biyu yayyenta da ƙannenta, kakanninta, matar wanka, mijin ƙanwarka. Ƙanin matarka yana hawa na biyu na aure daidai, wato a kan iyakar ƙarshe amma daga ciki. Mijin ƙanwar matarka kuwa, duk da kuna haɗuwa gidan surukai kowace Sallah, a lissafin Teksas babu abin da ya haɗa ku.

Akwai ma wani ɗan ƙarin da mutane ba su sani ba. Rabuwar aure ko rasuwa tana yanke surukuta a idon dokar, sai fa idan akwai ɗa mai rai daga auren. Ga jami'an gundumar makarantu, surukutar tana ci gaba har autan auren ya cika shekara 21. Wato wanda ya rabu da mace suna da yaro ɗan firamare, ƙaninta har yanzu surukinsa ne a fom.

Wani zai ce ai kamfani ne ke neman kwangilar, kamfani kuwa ba shi da ƙanin mata. Kada ka bi wannan hanyar. Dokar ta haɗa da wakilin ɗan kwangila, kuma kamfanin da kai ne mai shi, kai ne darakta, kai ne mai sa hannu, babu mai bincike ko ɗan jarida da zai saurari wannan hujjar.

Sai ragon suna. Rago a Houston ya wuce dala 100 nesa ba kusa ba, don haka ta fuskar adadi ya haura. Amma dokar ta ce abin da aka bayar saboda zumunci, ko saboda abota ko hulɗar da ba ta da alaƙa da muƙamin mutum, ba ya cikin abin da take kira kyauta. Ragon sunan ɗan ƙanin matarka zumunci ne tsantsa. Haka kuɗin da kake aika wa surukanka da azumi. Ka lura, iyayen matarka su ne iyayensa, wato na kusa da shi a hawa na ɗaya, kuma kyautar da aka ba su ana lissafa ta kamar an ba shi. In ba don wannan togaciyar ta zumunci ba, da duk buhun shinkafar da ka taɓa aikawa gidan surukai sai ya shiga fom. Masu bin harkar gwamnati a Najeriya za su tuna cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulkin 1999 ita ma ta bar irin wannan ƙofa ga kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani.

Wuyar ita ce gane inda zumunci ya ƙare. Ni ma'aunin da nake ba mutane tsoho ne, kuma ka san shi: labarin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, aka ce da shi me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko kyautar za ta zo. Da ƙanin matarka direban tasi ne, za ka saya masa ragon? Za ka saya. To shi ke nan. Amma in bana, ana saura wata biyu a buɗe takardu, ka ga ya dace ka biya masa kujerar Umara, alhali shekara goma kuna tare ba ka taɓa ba, wannan ba ya tsallake ma'aunin, kuma ba zai tsallake mai gabatar da ƙara ba. Ka kuma riƙa yin hidimar dangi daga aljihunka. Ranar da ragon ya fito daga katin kamfani, aka shigar da shi littafin kashe-kashen kasuwanci don rage haraji, kai da kanka ka rubuta cewa kasuwanci ne.

Kafin 2015 iyakar kyauta dala 250 ce, kuma abinci da masauki da kuɗin tafiya da kallon wasa duk ba sa shiga lissafi in an karɓe su a matsayin baƙo. Ta wannan ƙofar tikitin wasan ƙwallo da kwanan otal suka riƙa wucewa. Yanzu abinci kaɗai aka bari, sai gudummawar yaƙin neman zaɓe da ake bayyanawa a ƙarƙashin dokar zaɓe. Kuma kada ka ɗauka cewa rubuta kyauta a fom ya halatta ta. Kundin laifuffukan Teksas, a Babi na 36, ya haramta wa ma'aikacin da ke da ta cewa a kwangila karɓar wani amfani daga wanda ya san yana neman kwangilar, ya kuma haramta wa mai neman ya miƙa. Togaciyar can ita ce zumunci, da abin da bai kai dala 50 ba matuƙar ba tsabar kuɗi ba ne, da abin da aka karɓa a matsayin baƙo. In kuwa an bayar ne don a samu biyan buƙata, wannan cin hanci ne, babban laifi mai ɗaurin shekara 2 zuwa 20.

Fom ɗin kansa shafi ɗaya ne mai akwati bakwai, da bayanin doka a bayansa. Akwati na ɗaya sunan kamfaninka. Na biyu ana yi masa alama ne idan sabunta wani tsohon fom kake yi. Na uku sunan jami'in, cikakke yadda yake a takardun aikinsa. Na huɗu shi ne wurin bayani, kuma ga yadda zan so ka rubuta, a taƙaice ba tare da kare kai ba: wane ƙanin matar mai kamfani ne, yana aiki a sashen kaza na gundumar, daga wata kaza zuwa wata kaza na bara ya yi wa kamfanin aikin wucin gadi an biya shi dala 1,800, yanzu babu aikin da yake yi wa kamfanin. Kuɗin bai kai iyaka ba, amma tunda akwatin yana tambayar kowace hulɗar aiki, ka sa shi. Ƙarƙashin akwatin akwai tambaya biyu na e ko a'a: ko jami'in yana samun kuɗi daga gare ka ko ana sa ran zai samu, da kuma ko kai kana samun kuɗi daga gare shi ko ta hanyar umarninsa. In kana son amsa ta farko da a'a da gaskiya, to aikin ranakun hutu ya ƙare daga yau. Akwati na biyar yana tambayar ko kana hulɗa da wani kamfani da jami'in ke darakta a ciki ko yake da kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye. Na shida na kyauta ne. Na bakwai sa hannu da kwanan wata.

Wa'adin kwana bakwai ne na aiki, daga ranar da ka fara tattaunawa da gunduma ko ka miƙa takardar nema, ko daga ranar da ka san da dangantakar, duk wadda ta zo daga baya. Tunda ka riga ka sani, ka haɗa shi da takardunka kawai. Hukumar ɗa'a ta Teksas ce ta tsara fom ɗin, amma ba wurinta ake kai shi ba, kuma ba ita ke hukunta wanda ya ƙi ba. Mai kula da ajiyar takardu na gundumar ake kai wa, a aikace ofishin saye ne ke karɓa. Gunduma mai shafin intanet kuma dole ta ɗora shi kowa ya gani. Gundumomi da yawa suna sa kowane mai nema ya mayar da fom ɗin ko da babu abin da zai bayyana, shi ya sa ka ga abokanka sun saba rubuta "babu" su wuce. A wurinsu gaskiya ce. A wurinka ƙarya ce a takardar gwamnati.

Wannan bambancin yana da nauyi. Wanda ya ƙi cike fom da gangan, hukuncinsa ya danganta da girman kwangilar. Ƙasa da dala miliyan ɗaya tara ce da ba ta wuce dala 500 ba. Daga miliyan ɗaya zuwa ƙasa da biyar, tara har dala 2,000 da yiwuwar kwana 180 a gidan yari. Miliyan biyar zuwa sama, tara har dala 4,000 da yiwuwar shekara ɗaya. Dokar ma ta yi sassauci, in gunduma ta sanar da kai cewa ba ka cike ba, ka kai cikin kwana bakwai na aiki, magana ta mutu. Amma wanda ya cike ya rubuta abin da ya san ba haka yake ba, ya faɗa wata doka daban, ta shigar da ƙarya a takardar gwamnati, kuma in aka nuna da niyyar zamba ya yi, laifin yana hawa zuwa babba. Ga wanda bai riga ya zama ɗan ƙasa ba, laifin da ya shafi zamba yana iya bin sa har ofishin shige da fice. Ban da wannan, kwamitin amintattu yana da ikon soke kwangilar ɗan kwangilar da bai bayyana ba, ko da an fara aiki. Ka yi tunanin ka ciyo bashin kaya, ka ja rabin waya, sannan kamfanin da ka kayar ya aika wasiƙa yana tambayar me ya haɗa ka da wane. Masu faɗuwa takara ne suka fi kowa tono irin wannan, kuma dokar neman bayanan gwamnati ta Teksas ta ba su damar neman takardun maki da sunayen waɗanda suka bayar.

Shi ma ƙanin matarka yana da nasa. In yana cikin masu ta cewa, dole ya cike CIS, da rantsuwa, kafin ƙarfe biyar na yamma a rana ta bakwai ta aiki daga lokacin da ya san kana nema. Gunduma na iya yi masa gargaɗi, ko ta dakatar da shi, ko ta kore shi in ya ƙi da gangan. Kuma kusan kowace gunduma a Teksas tana da littafin ƙa'idojinta a intanet, inda sashen DBD ke magana kan ma'aikata, CHE kan 'yan kwangila, BBFA kan amintattu. A DBD galibi za ka tarar an ce ma'aikaci ya sanar da shugabansa a rubuce duk wani aikin waje da zai iya karo da aikinsa. Ka tambaye shi ko ya sanar da aikin bara. In bai yi ba, gara ya je da ƙafarsa ya faɗa kafin fom ɗinka ya isa teburin shugaban. Wannan ladabi ne da ya kamata ka yi masa. Kada ya ji labarin a bakin ofishin saye.

Yanzu ga abin da zai iya hana ka kwangilar. Babi na 176 bai ce a cire wanda ya bayyana ba, bai ma ce jami'in ya janye ba. Amma aikin jan wayar intanet a makarantun Amurka sau da yawa da kuɗin tarayya ake yinsa, musamman shirin E-rate, wanda ya samo asali daga dokar sadarwa ta 1996, yake biya wa makarantu daga kashi 20 zuwa kashi 85 cikin ɗari na kuɗin irin wannan aiki. Da zarar kuɗin tarayya ya shigo, sharaɗi ya canza. Ƙa'idar bai-ɗaya ta tallafin tarayya ta ce ma'aikacin da ke da wata maslaha, ta gaske ko wadda ma ta yi kama da ita, ba zai sa hannu a zaɓen ɗan kwangila ko bayar da kwangila ko kula da ita ba. Ta kuma ce kamfanin da ya taimaka wajen rubuta sharuɗɗan aiki ba zai shiga takarar aikin ba. E-rate yana da nasa ƙa'idojin masu tsauri kan takara ta gaskiya, kuma tun 2010 ya iyakance kyauta a dala 20 kowace ɗaya, dala 50 a shekara. In aka gano an karya, ana iya neman a mayar da kuɗin bayan shekaru, daga gunduma ko daga kamfani.

Teksas tana da hannu a dalilin wannan tsaurin. Shugaban sashen fasaha na gundumar makarantun Dallas, Ruben Bohuchot, ya riƙa shan iska a jiragen ruwa na alfarma da wani ɗan kwangilar kwamfuta, Frankie Wong, ya tanadar masa, shi kuma yana ba da bayanan ciki kan kwangiloli. A 2008 aka yanke wa Bohuchot shekara 11, Wong shekara 10. A 2010 kamfanin HP ya biya dala miliyan 16.25 don rufe zargin da ya shafi kyaututtuka ga ma'aikatan gundumomin Dallas da Houston a ƙarƙashin shirin. Ofisoshin saye na yankinku ba su manta ba, shi ya sa za ka ga suna firgita da abin da kai kake gani ƙarami.

Don haka tambayar da za ka yi wa ƙanin matarka, ka kuma nemi amsa ta gaskiya, ita ce: ka taɓa wannan aikin? In bai taɓa ba, sai ya rubuta wa shugabansa cewa surukinsa zai nema, a cire shi daga duk abin da ya shafi kwangilar, tun daga ba da maki har karɓar aiki da sa hannu a takardar biya. Mutane suna manta wannan na ƙarshen. Wanda zai duba wayar ya ce ta yi, shi ma yana cikin masu kula da kwangila. In kuwa shi ya rubuta sharuɗɗan, ko ya taɓa nuna maka su kafin a fitar, shawarata ka bar wannan zagayen ya wuce. Babu fom ɗin da zai wanke wannan, kuma gundumomi a kewayen Houston suna da yawa, wayar da suke so iri ɗaya ce. Daga yanzu har a bayyana wanda ya ci, kada ku yi zancen aikin ko a kan tabarmar cin abinci. Takardar talla kan ambaci mutum ɗaya da aka yarda a tuntuɓa, duk tambayarka ta bi ta wurinsa a rubuce.

Da a ce a kwamitin amintattu yake, da lissafin ya bambanta gaba ɗaya. Tsohuwar doka, Babi na 171, tana sa amintaccen da ke da kashi 10 cikin ɗari na kamfani, ko hannun jarin dala 15,000, ko wanda fiye da kashi 10 na kuɗin shigarsa na bara daga kamfanin ya fito, ya ajiye takardar rantsuwa ya kuma ƙaurace wa ƙuri'a. A 2025 majalisa ta ƙara wata da ta ɗora laifin a kan ɗan kwangila kansa: neman kwangila ko karɓarta ya zama laifi idan wani amintacce yana da babban kaso a kamfanin, ko yana da dangantaka ta hawa na biyu da mai babban kason, ko ya karɓi kyautar da ta haura dala 250. Ma'ana ranar da ƙanin matarka ya bar aiki ya tsaya takarar kwamitin ya ci, kasuwancinka da wannan gundumar ya ƙare.

In ka tambaye ni ra'ayina kan dokar bayyanawa, ba ta kama ɓarawo. Hukumar Dallas County Schools, wadda ke jigilar ɗalibai a motocin makaranta, ta zuba miliyoyin daloli a kwangilar kyamarorin da ake maƙalawa jikin motoci da kamfanin Force Multiplier Solutions, alhali sufuritandanta Rick Sorrells yana karɓar fiye da dala miliyan 3 ta bayan gida, ta kamfanonin bogi da sunan ladan shawara da bashi. Shugaban kwamitinta, Larry Duncan, ta ƙofar gudummawar zaɓe nasa ya shigo, ƙofar da Babi na 176 ya bari a buɗe. Duk wannan ya faru dokar tana aiki. 'Yan jarida da jami'an tarayya ne suka tono, masu zaɓe suka rushe hukumar a Nuwamban 2017, Sorrells ya samu shekara bakwai a 2019. Wanda ya shirya cin miliyan uku tarar dala 500 ba za ta tsayar da shi ba. Wanda fom ɗin ke yi wa amfani shi ne irinka, mai ƙaramin kamfani da suruki a ciki, domin ranar da wani ya ɗaga yatsa kana da takarda mai kwanan wata da ke nuna ka faɗa tun kafin a tambaye ka.

In ka ci kwangilar kuma sai kwamitin amintattu ya kaɗa ƙuri'a a kanta, ko ta kai dala miliyan ɗaya, za a nemi wani fom mai lamba 1295. Shi a shafin hukumar ɗa'a ake cike shi, yana neman sunayen masu iko da kamfani da duk wanda ya shiga tsakani wajen ƙulla yarjejeniyar. Bai maye gurbin CIQ ba. Shi kuma CIQ ba a cike shi a manta. Duk abin da ya canza har ya sa bayanin ciki ya zama ba daidai ba, kamar a ƙara wa ƙanin matarka girma ya koma ofishin saye, ko ka ɗauki matarsa aikin lissafi a kamfaninka, kana da kwana bakwai na aiki ka kai sabo. Ka nemi a buga maka hatimin karɓa a kwafinka ko ka ajiye saƙon imel ɗin da ka aika da shi. Idan kuma kwangilar babba ce a ma'aunin kamfaninka, ko ka ga sunan E-rate a takardar talla, kuɗin awa ɗaya wurin lauyan da ya san dokar makarantun Teksas ya duba maka akwati na huɗu kafin ka sa hannu ba asara ba ne.